An Sa Sunana a Tafiyar Rotary Zuwa Ingila: In Je Ko In Haƙura?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni ungozoma ce a wani babban asibitin gwamnati, na shekara tara a ɗakin haihuwa. Wani likitanmu ɗan ƙungiyar Rotary ya sa sunana cikin waɗanda za su je Ingila na mako huɗu, wai ziyarar musayar sana'a. An ce ba za mu biya kuɗin jirgi ba, kuma a gidajen mutane za a sauke mu. Maigidana ya ce sai ya san ko su wane ne, da abin da suke so a wurinmu. A wurin aiki wasu na cewa dama ce ta zo in nemi aiki a can in yi zamana, wasu na cewa yawon buɗe ido ne kawai. Don Allah mece ce gaskiyar wannan tafiya, kuma me ya kamata in shirya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar maigidanki ita ce ta farko da ya kamata a yi, kuma da ita zan fara: su wane ne, wa zai biya, me ake jira daga gare ki. Bayan nan sai mu zo kan abin da ya fi damuna, wato yadda za ki dawo da wani abu da ɗakin haihuwarku zai mora. Na daɗe ina koyar da ungozomomi kafin in yi ritaya, na zauna a kwamitin da ke tantance masu irin wannan tafiya, na kuma taɓa jagorantar tawaga, don haka abin da zan faɗa miki rabinsa ƙa'ida ce, rabinsa abin da ido ya gani.

Su wane ne Rotary

Ƙungiya ce ta masu sana'o'i da 'yan kasuwa. Wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa ta a birnin Shikago na Amurka a 1905, hedikwatarta kuma tana Evanston, kusa da can. Tun asali an gina ta ne a kan sana'a: kowane kulob yana so ya tara likita da lauya da injiniya da ɗan kasuwa a teburi ɗaya, shi ya sa musayar sana'a ta zama cikin ayyukansu. A Najeriya ma ba baƙuwa ba ce. Kulob na farko a ƙasar nan a Kano aka kafa shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya zauna a Kano, ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004. Ke da kike aikin lafiya kin san su ta wata ƙofar ko ba ki lura ba: tun 1985 suke zuba kuɗi a yaƙi da shan inna, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Kulob-kulob na Jamus da na Najeriya sun kuma yi aikin inganta karɓar haihuwa a asibitocin Kano da Kaduna.

Akwai maganar da na san za ta taso a gida, gara in riga ta. Wasu malamai sun soki Rotary, suna danganta ta da ƙungiyoyin asiri na Turai. Ita kuma ƙungiyar tana cewa ba ruwanta da addini ko siyasa, kuma tana da kulob a Masar da Turkiyya da Pakistan da Indonesiya. Hukuncin shiga ƙungiyar ba fagena ba ne, ku kai wa malamin da kuka amince da shi. Abin da zan iya shaida shi ne wannan: mai tafiya cikin tawaga ba ta zama 'yar ƙungiya ba, ba a rantsar da ita, ba a karɓar kuɗin rajista a hannunta, kuma ba wanda ya taɓa hana ɗaya daga cikinmu salla ko hijabi.

Wane irin shiri ne aka sa ki

A nan mutane ke ruɗewa, domin suna ɗaya ake kira amma shiri biyu ne. Tsohon shi ne Group Study Exchange, wato musayar tawagogi don ƙaro ilimi, wanda Gidauniyar Rotary ta fara a 1965. Gunduma biyu na Rotary (gunduma ita ce tarin kulob-kulob na yanki ɗaya) a ƙasashe biyu sai su haɗa kai, kowace ta aika wa ɗaya matasa huɗu masu shekara 25 zuwa 40, waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, ɗan Rotary guda yana jagoranta. Sukan yi mako huɗu zuwa shida. Tawaga ɗaya za ki ga malamin makaranta da ɗan jarida da ma'aikacin banki da nas, kowa a kai shi wurin masu sana'arsa na 'yan kwanaki, sauran lokacin kuwa ziyarce-ziyarce da tarukan kulob. Masu ce miki yawon buɗe ido ne wannan suka sani, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba.

A 2013 gidauniyar ta sauya tsarin bayar da tallafinta, ta daina ɗaukar nauyin wancan shiri kai tsaye, ta kawo Vocational Training Team, wato tawagar horon sana'a. Wannan ya fi tsauri. Idan da babban tallafi na ƙasa da ƙasa za a yi shi, kasafin aikin ba ya gaza dala 30,000, tawagar ba ta gaza mutum uku ba har da jagora, kowa yana da aƙalla shekara biyu a sana'ar, kuma dole aikin ya faɗa cikin fannoni bakwai da suka ware, waɗanda lafiyar uwa da jariri na ciki. Tawagar na iya zuwa koyo, tana iya zuwa koyarwa. Wasu gundumomi kuma har yanzu suna yin irin tsohon shirin da ɗan tallafin da ke hannunsu.

Saboda haka ki koma wurin likitan nan ki tambaye shi kai tsaye: wanne ne daga ciki, wace gunduma ce a Ingila za ta karɓe ku, wa ke jagorantar tawagar. Ki nemi takardar gayyata mai ɗauke da sunanki, da jadawalin kwanakin, da takardar da ta fayyace abin da za a biya miki da wanda za ki biya da kanki. A al'ada jirgi da masauki da abinci da zirga-zirgar cikin ƙasa suna kansu. Kuɗin biza da inshorar lafiya sun danganta da yadda aka rubuta kasafin, fasfo da kuɗin kashewa kuwa yawanci naki ne. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi asusunsa na kansa don a "tabbatar da gurbinki", ki rufe maganar nan take. 'Yan damfara sun daɗe da gano cewa sunan ƙungiya irin wannan yana sa mutane sakin jiki. Ki je taron kulob ɗin da kanki, ki tafi da maigidan, su ga juna da jagoran tawagar. Sau da yawa zama ɗaya irin wannan ya fi dogon bayani kwantar wa miji da hankali. Sai dai ya sani ba a saba tafiya da iyali ba, domin masaukin da jadawalin na 'yan tawaga ne kaɗai. Abin da kike da damar nema, kuma a ba ki, shi ne a sauke ki gidan da akwai mace, ko ku biyu mata a gida ɗaya.

Kada ki manta da wurin aikinki. Ma'aikaciyar gwamnati ba ta fita ƙasar waje da izinin baki. Ki rubuta ta hannun shugabar ma'aikatan jinya zuwa hukumar da ke kula da asibitinku, ki karɓi amsa a rubuce. Takardar nan za ta yi miki aiki biyu: ta kare ki daga tuhumar barin aiki, ta kuma nuna wa ofishin biza cewa kina da abin da za ki dawo wa.

Maganar zama a can

Masu ba ki shawarar ki maƙale ba ƙaunarki suke yi ba. Bizar baƙunci za a ba ki. Tana ba ma'aikacin lafiya damar ya tsaya ya kalli yadda ake aiki, ba ta ba shi damar karɓar albashi ko taɓa majinyaci. Ungozoma ba ta aiki a Birtaniya sai da rajistar NMC, hukumarsu mai kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi, wadda ke bukatar jarrabawar Turanci, da jarrabawar kwamfuta, da ta gwajin aiki da hannu. Wadda ta wuce wa'adin bizarta ta rufe wa kanta wannan ƙofar, domin ana iya hana ta shiga ƙasar na shekaru. Ga kuma ɓarnar da take bari a baya. Na ga abin da ya biyo bayan ɓacewar mutum ɗaya daga wata tawaga: waɗanda suka sa hannu a takardar gayyata suka ji kunya, gundumar da ta karɓe su ta janye, matasan da ke layi a shekarar gaba suka rasa. In kina da niyyar aiki a waje, wannan zance ne daban mai hanyarsa, ki bi ta daga gida.

Abin da za ki je nema

Ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni. Yawancin waɗanda na gani sun dawo hannu rabbana ba ragwaye ba ne, sun dai tafi ba su ɗauki tambaya ba. Rana ta farko aka shiga da su ɗakin haihuwa, suka ga kowace mai naƙuda da ɗakinta, ga na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, ga ungozoma ɗaya a kan mace ɗaya, sai gwiwa ta yi sanyi. Daga nan duk abin da aka nuna musu amsar ɗaya ce a zuci: mu ina muka ga wannan. Suka dawo da hotuna da ƙorafi.

Kafin ki tashi, ki zauna da rajistar ɗakinku ta wata shida da suka wuce. Ki ƙirga da hannunki: mata nawa suka haihu, nawa suka yi zubar jini bayan haihuwa, nawa suka zo da jijjiga, nawa aka tura wani asibiti, nawa aka rasa, kuma a wane lokaci na dare ko rana. Daga ciki ki zaɓi matsala ɗaya, biyu in ta yi yawa. Da ita za ki shiga kowane ɗaki a can, kina tambaya: ku in haka ta faru, wa ke fara motsi, me yake ɗauka, daga ina, cikin minti nawa?

Za ki tarar amsar ba ta cika zama na'ura ba. Bari in ba ki abin da na tsaya na kalla da kyau. A wani asibiti da aka kai mu akwai ƙaramin keken kaya a lungun ɗakin haihuwa, an rubuta zubar jini a jikinsa da manyan baƙaƙe. Aljihunsa na sama allurai da robar ƙarin ruwa manya, na biyu ruwan ƙari, na uku safar hannu da audugar tsayar da jini da robar fitsari, a gefe takarda ɗaya mai jerin matakai. An ɗaure aljihunan da wani siririn zaren roba mai lamba. Kowace safiya ungozoma ɗaya za ta zo ta duba zaren, in bai tsinke ba ta sa hannu a littafi ta wuce, minti ɗaya bai cika ba. In ya tsinke, ba ta barin wurin sai ta cike abin da aka ɗiba. Allurar oksitosin ta tsayar da jini kuwa tana cikin firji a akwati mai irin wannan rubutu, da ma'aunin sanyi da ake rubuta adadinsa kullum, saboda zafi yana kashe mata ƙarfi. Yanzu ki tuna daren da jini ya ɓalle wa wata a hannunki, aka tura miji kemis da ƙarfe biyu, mai makullin kabad ta tafi salla. Wanne daga cikin kayan keken nan ne babu a garinku? Kafinta zai haɗa miki akwatin a yini ɗaya. Abin da ya rage shi ne wa zai duba kullum, da wa zai hana a ɗiba don wani aikin.

Haka za ki sa ido a kan miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe: a tsaye ake yi, gaban allo, mace bayan mace, da tsari ɗaya da kowa ya haddace. Ki nemi a bar ki ki zauna a taron da suke bitar abin da ya lalace. Tun 1952 Ingila take binciken kowace mutuwar mai ciki ko mai jego a asirce, ba don a kama wani ba, don a gano inda tsari ya yi rauni. Mu ma muna da kwamitocin bitar mutuwar mata da jarirai a asibitocinmu, sai dai a wurare da yawa zaman kan koma neman wanda za a ɗora wa laifi, shi ya sa kowa ke gyara fayil kafin a zauna. Ki lura da yadda mai jagorantar zaman ke yin tambaya har ƙaramar ma'aikaciya ta buɗe baki gaban babban likita. Wannan ya fi duk wata na'ura wuyar ɗaukowa, ya kuma fi ta daɗewa.

Kada kuma ki shiga da kai a sunkuye. Ungozomar da ta shekara tara a babban asibitinmu ta ga jijjiga, ta kuma ba da maganin magnesiyam, fiye da yadda da yawa daga cikinsu za su gani har su yi ritaya. Babban binciken nan na E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka wallafa a 2023, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta, a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu aka yi shi, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, sannan a ba da magungunan tsayar da jinin a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan ya rage zubar jini mai tsanani da kusan kashi 60 cikin 100. In sun tambaye ki, ki ba su labari da ƙarfin gwiwa.

Wani tarko kuma: kyautar kayan aiki. Mutanen kirki ne, da sun ji halin da kuke ciki za su ce akwai na'urar da asibitinsu ya daina amfani da ita. Kafin ki yi godiya ki tambaya: tana bukatar wuta dare da rana? Kayan da take ci ana samunsu a Najeriya? Wa zai gyara ta? Wa zai biya kuɗin fito da ita daga tashar ruwa? Ɗakunan ajiyar asibitocinmu cike suke da amsar waɗannan tambayoyi.

Zama a gidan mutane

Wannan ɓangaren ya fi asibitin gajiyarwa. Akan sauya miki gida duk bayan 'yan kwanaki, masu masaukin yawanci dattawa ne da suka yi ritaya, kuma sau da yawa a ƙananan garuruwa suke, ba a Birmingham ko Bradford da masallaci da mahaucin halal ke kowane lungu ba. Za a aiko miki da takardar cikewa tun kina gida. Kunya ba ta da amfani a kanta. Ki rubuta ƙarara: ba kya cin naman alade da duk abin da aka yi da shi, ba kya shan giya ko abincin da aka dafa da ita, in babu naman halal kifi da ƙwai da ganye sun wadatar, kina salla sau biyar kuma kina bukatar 'yan mintuna da wuri mai tsabta. Ki ambaci kare. Gidaje da yawa karensu a falo yake kwana, wani har kan gado, kuma a wurinsu ɗan gida ne. In kin faɗa da wuri za a zaɓa miki gidan da babu, in kuwa kika yi shiru sai kin iso ƙofa, kin sa kanki da su cikin damuwa. Bature ya fi jin daɗin a gaya masa gaskiya tun farko da a ce masa "ba komai" alhali akwai komai. In ba kya musabaha da maza, hannu a ƙirji da murmushi ya isa, jagoranku kuma ya sanar da su tun kafin ku iso.

Ki sa ƙaramar buta ta roba a jakarki, banɗakinsu takarda ce kawai. Ki duba watan tafiyar: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kina tsakiyar asibiti, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare take faɗuwa, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, abin lura in tafiyar ta haɗu da azumi. Rigar sanyi ta gaske da takalmi rufaffe mara tsini sun fi miki akwatin atamfa, amma ki riƙe kaya biyu masu kyau na gida don taruka. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarki za ta shiga. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. In zazzaɓi ya kama ki a can, abu na farko da za ki gaya wa likita shi ne daga ƙasar maleriya kika zo. Tsaraba kuwa ƙanana masu yawa, tunda gidajen da yawa ne: 'yan jakunkunan fata na kasuwar Kurmi, ɗan yankin rini na Ƙofar Mata, faifai mai ado. Kilishi da dambun nama da man shanu ki bar su a gida, dokarsu ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi za a ƙwace.

Lokaci kuma, in an ce bakwai da rabi, dattijon da zai kai ki yana cikin mota tun bakwai da ashirin da biyar.

Za a riƙa kai ku taron kulob, wani da rana wani da dare, a ci abinci, a yi musayar 'yan ƙananan tutoci, sannan a ce ku tashi ku yi magana. In aka ɗaga kofi don girmama Sarkin Ingila, da ruwa ko lemo kowa na iya yi. Ki shirya jawabin da bai wuce minti goma ba: garinku, iyalinki, aikinki, matsalar da kika zo da ita. Kada ki mai da shi bara, kada kuma ki yi ta wanke ƙasa kamar jakadiya. Adadin da kika ƙirgo daga rajistarku zai fi kowane kuka tasiri. Hoton majinyaciya kada ya shiga ciki sai da izininta, a asibitinsu kuma kada ki ɗaga waya ki ɗauki hoto sai kin tambaya, suna da tsanani a kan wannan fiye da yadda kike zato.

Bayan dawowa

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za a nemi rahoto a rubuce, za ki yi bayani a kulob ɗin da ya tura ki, kuma in da babban tallafi aka yi tafiyar, gidauniyar za ta so ganin abin da ya sauya a ƙasa. Ki riƙa rubuta abin da kika gani kowane dare kafin ki kwanta, domin zuwa mako na uku asibitocin za su cakuɗe miki a kai.

Sai ki yi hattara da bakinki a makon farko. Ba abin da ke kashe sabon tsari a ɗakin haihuwa kamar a ji wadda ta dawo tana cewa "a can Ingila". Ki fara da shugabarku ita kaɗai, ki kai mata abu ɗaya, ki bar ta ta gabatar da shi a matsayin shawarar ɗakin. Ki jawo wata babba da ta girme ki a aiki ta riƙe littafin dubawa. Bayan wata uku ki sake ƙirga rajista, ki aika wa waɗanda suka sauke ki adadin, mai daɗi ne ko mara daɗi. Irin wannan wasiƙar ce ke sa su nemi tallafi na biyu, kuma sau da yawa a karo na biyun su ne ke tasowa su zo, su yi horon a ɗakinku, inda ungozoma ashirin za su samu maimakon ke kaɗai.

Biza tana ɗaukar makonni, wani lokaci fiye da yadda aka faɗa, don haka ki duba ranar ƙarewar fasfonki yau. In saura ƙasa da wata shida bayan ranar dawowarku, ki fara sabunta shi kafin ma takardar gayyata ta iso. Ki gaida maigida, ki ce ina ba shi shawara ya je taron kulob ɗin da tambayoyinsa a rubuce.